Ta Ƙeya Na Zana Shi

Sahabi ne ya tona ni, shi ma bai sani ba.
Muna zaune bakin tashar jiragen ruwa a Yawuri,
ya ce: rufe ido, ɗauko mangwaro a ranka.
Na rufe.
Ya ce: ɗanye ne ko nunanne?
Na ce: wanne?
Ya yi dariya har gyaɗarsa ta zube.
Shekara goma sha tara ina zaton
"hango shi a zuci" salon magana ne kawai,
kamar a ce ciki ya ɗuri ruwa.
Ashe mutane da gaske suke gani.

Ni in na rufe ido,
ɗaki ne da aka ɗauke wa wuta.
Kayan duk suna nan:
na san nauyin mangwaro, na san ƙwallonsa,
na san yadda zarensa ke maƙalewa a haƙori.
Sani ne tsagwaronsa, ba fitila, ba launi.

Na bincika a waya, ashe abin har suna gare shi,
afantasiya, ya fi bakina tsawo.
Wai ba ciwo ba ne, balle a nemi magani.

To mai zanen katun da ba ya hango komai fa?
Sai na zama ɓarawon motsi.
Na sa ƙanena Bashar tsallake kwata sau ashirin
ina ɗauka da waya mai tsagaggen gilashi.
Na tsuguna a kasuwar kifi ina ƙirga
sau nawa tarwaɗa ke bugun daro kafin ta gaji.
Na murza yumɓu na yi akuya, ina juya ta a tafi.
Hannuna ke shiga gaba, ni ina biye.
Sai layi ya sauka a takarda
sannan in ce: a'a, ba kai ba,
ko in ce: yauwa, ina ka shige?
Zane goma sha biyu ke haifar daƙiƙa guda,
daƙiƙa biyar ta cinye mini wuni.

Bara Inna ta ce: zana mini Baba Arzika.
Hotonsa ɗaya ne, ambaliya ta tafi da shi.
Ni ne mai kwarfe ruwa a kwalekwalensa,
shekara bakwai ina zaune a bayansa.
Na san yana da wushirya,
na san akwai tabo a girarsa ta hagu.
Na jera su a takarda kamar lissafin cefane,
suka haɗu suka ba ni fuskar wani.

Na yaga. Na sake. Na yaga.
Na ji haushin Sahabi,
da ke kiran kakarsa duk sanda ya so
ta zo masa har da kallabinta.
Wannan kam, ba na ɓoyewa, rauni ne. Rauni.

Da asuba na ɗauki bokiti zan fita,
sai na ji kafaɗata ta dama ta zube,
ƙafata ɗaya tana ɗan sharar ƙasa.
Na tsaya cak.
Tafiyarsa ce.
Ashe ba a ido ya sauka ba,
can ya yi masauki, cikin ƙashi da jini.

Mako shida na yi.
Wani tsoho yana gangarawa bakin ruwa,
ya tura hula gaba ya sosa ƙeya,
ya tsoma filafili,
ya tafi, bai waiwayo ba.
Daƙiƙa arba'in, ba ƙari.

Inna ta karɓi wayar da hannu mai garin tuwo.
Ta kalla sau uku.
Ta ce: "Shi na. Wanga jan ƙafa nashi na."
Can ta ce: "Don mi bai juyo ba?"
Na ce: Inna, fuskar tana wurinki, ke za ki ƙarasa.
Ta rufe ido.
Leɓenta ya ɗan motsa kamar mai amsa sallama.
Na zauna shiru ina kallon ta,
ita tana gani.