Gibin Gada

Ƙarfe shida da kwata, a tsakiyar doguwar gada,
danfo ta tsaya cak.
Takardun jarrabawa ɗari da arba'in a kan cinyata,
gumi ya fara lasar jan biron da na yi wa ta sama.

Sikiru kwandasta yana reto a bakin ƙofa da hannu ɗaya.
Ɗazu da direba ya taka burki,
jikinsa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai,
sai da ashar ya dawo da shi.
Sati biyu na yi a Akoka ina rubuta wannan a allo.
Shi a kafaɗarsa ya karance shi.

Gosulo ma taguwa ce.
Wani ya taɓa burki a Adeniji tun da la'asar,
ya isa gida, ya watsa ruwa, ya manta,
burkin nasa kuwa yana nan tafe da baya da baya,
daga mota zuwa mota,
yanzu ya iso mu.

A ƙasa, wani masunci daga Makoko ya miƙe a kwalekwale,
ya wurga birgi.
Ragar ta buɗe, ta yi baka, ta sauka.
Ina da lissafin wannan lanƙwasar a jakata.
Shi yana da kifin.

Mun tsaya ne daidai kan gibin:
haƙoran ƙarfe biyu da suka ƙi haɗuwa,
ana hango ruwa ta tsakaninsu.
Ba mantuwa ba ce.
Da gangan magina suka bar shi,
don in rana ta gasa gada ta samu wurin miƙa.
Da an cike shi, da ta tsage.

Babana, Malam Ɗanlasan mai gyaran agogo a Obalende,
ya san haka da ɗan tsinken hannunsa.
Yakan ce, wanda aka ɗaure tamau ba ya tafiya,
ka bar wa kowace ƙusa wurin numfashi.
Shekarar da na gama digiri na zo masa da sabon labari:
agogon da ke saman bene ya fi na ƙasa sauri,
da ɗan abin da ido ba zai gani ba har abada.
Ya cire gilashin daga idonsa.
Ya ce, to wanne ne mai ƙarya?
Na ce, babu.
Ya ce, ashe kun kashe mini sana'a.
Ya yi dariya har da tari.

Ban kai ga gaya masa sauran ba:
cewa can cikin ƙwayar zarra
in ka kama inda abu yake, saurinsa ya kuɓuce maka,
in ka kama saurin, ka rasa wurin;
ba don awonmu ya gaza ba,
haka aka gina ta, da nata gibin.

Zafi daga mai ɗumi yake gangarowa zuwa mai sanyi,
ba ya juyawa don kansa.
Na koyar da wannan sau nawa?
Asubar da na riƙe hannunsa a asibiti
dokar ba ta yi mini alfarma ba.
Ɗumin tafina ya yi ta shiga nasa,
ya yi ta shiga.
Lissafi ya ce ba abin da ya ɓata,
kuma na yarda da lissafi.
Sai dai bai faɗi inda tarin nan ya tafi ba.

Takardar da ke sama ta Morenike ce.
Tambaya ta biyar ta bar fili fari fat,
a ƙasansa, da ƙaramin rubutu: ban sani ba tukuna.
Biro yana hannuna tun Adekunle.

Gaba ta motsa.
Taya ta hau haƙoran ƙarfe, gam, gam, ta wuce.
Sikiru ya miƙo mini tafi,
wai ba shi da canji.