Tsutsa Ba Ƙugiya

Shekara arba'in ina yi wa kifi ƙarya.
In soke tana a bakin ƙugiya,
in jefa ta Nilu tun duku-duku,
in zauna shiru kamar mai sadaka,
alhali wuƙa na cikin aljihu.
Duk Maiurno an san kwalekwalen Sha'aban,
mai faci uku, mai ƙarni har a rigar Juma'a.

Da gwiwa ta ƙi ruwan sanyi
sai na haƙa rami biyu bayan gida,
tarwaɗa a ɗaya, karfasa a ɗaya.
Ashe bauta na saya da kuɗina:
da asuba baki buɗe,
da la'asar baki buɗe,
buhun abincinsu kuwa, na can Sinnar,
kullum sai ya ƙara nauyi a bakin mai shago.
Wai garin kifi ne a ciki.
A kamo na teku, a niƙa, a ba na rami,
kamar a yanke hannun riga
don a yi wa wuyanta faci.

Barira ce ta dawo daga Wad Madani
da takardu a jaka
da wani kwando rufe da gidan sauro.
Ta ce, Baba, na kawo maka 'yan ƙwadago.
Na leƙa.
Ƙudaje ne baƙaƙe, sirara kamar zanzaro,
ko ƙugi ba sa yi.
Na ce, nan kuɗin makarantarki suka ƙare?
Ta ce, ba sa cizo, ba ruwansu da akushinka.
Kwanansu kaɗan ne, su yi ƙwai su wuce.
'Ya'yansu muke so.

Muka kwaso ɓawon ayaba,
da mangwaron da kasuwa ta yi wa saki,
da dusar dawa, da kisrar da ta kwana.
Mako biyu, baho ya cika da motsi,
kamar shinkafar da aka hura wa rai.
Sabuwa ta ɗauke tukunyar gahawarta ta koma zaure,
ta ce ita dai ba da ita ba.

Muka tsoma su a ruwan zafi,
muka baza a kan kwanon rufi;
ranar garin nan ba sai an roƙe ta ba.
Muka daka da tunkuza,
muka murza ƙanana kamar irin kuɓewa.
Na watsa tafi guda.
Ruwa ya tafasa ba wuta.

Duk da haka zuciya ba ta kwanta ba.
Bayan Magariba na tsare liman Ɗahiru wajen takalma:
kifin da ya ci tsutsa, ya halatta?
Ya yi dariya har carbi ya faɗi.
Ya ce, wanda ka shekara arba'in kana kawo mini,
tuwo kake zaton yake ci a ƙasan kogi?

Wata biyar, tarwaɗa ta kai damtsena.
Sabuwa ta soya, ta ci har kai,
ba ta ce uffan ba.
Washegari na hange ta, hanci a toshe da mayafi,
tana juye ɓawon kankana cikin baho.
Ni ma ban ce uffan ba.

Yanzu da yamma, in iska ta taso daga kogi,
nakan ɗebi masu ran a tafin hannu
in ji suna yi mini cakulkuli.
Na san akwai alkawari tsakaninmu, ke tsutsa.
Wata rana ni ne dusar,
kuma ba za ki tambayi liman ba.
Ba komai.
Yau dai ni na ciyar da ke.

Sai in watsa su ruwa,
in tsaya ina kallon bakunan nan suna tasowa,
hannuna yana neman igiya don sabo,
bai samu ba.