Ƙafar Tudu

Mu bakwai ne, kuɗin adashi ya haɗa mu,
malaman firamare da alli ya ci wa yatsu.
Labbo ne ya ce tunda hutu ya zo
a bar zaman dakali,
a je a ga inda Kwara ta yi faɗi.

A bakin ruwan Yawuri muka iske Baba Nayelwa
da jirginsa mai doguwar gora a tsaye.
Buhunan taki goma sha biyu aka ɗinke wuri guda,
su ke kama masa iska.
Har yanzu ana karanta sunan kamfani a jikinsu,
sai dai a kife.

Ni ɗan tudu ne.
Ruwan da na sani, na randa ne da na buta.
Kwana biyu ban saki gefen jirgi ba.
Arzika yana gasa karfasa a kan rabin garwa,
Nomau yana ƙirga tsuntsaye, lissafi yana kwance masa,
ni kuwa numfashina nake ƙirgawa.
Da dorina ta huro hanci can nesa
na karanto duk abin da na haddace,
har da bakwai sau bakwai.

Na ce su yi dariyarsu.
Ku dai bari mu taka ƙasa.
Shekara goma sha tara ina taka keke zuwa makaranta,
ban taɓa sa ƙafa ƙasa don tsoron rami ba.

Rana ta uku iska ta yi yaji.
Buhunan suka yi laƙwas kamar wankin da aka manta a igiya.
Baba ya tura mu gaɓa kusa da Wara,
ya ce ku je ku dawo da la'asar, ita ma za ta dawo.

Wani mai faci ya ba mu hayar kekuna.
Shida masu birki.
Na bakwan na ɗauka, don a san ni ne.

Jar hanya, ƙamshin bandar kifi,
fadamar albasa kore shar har iyakar gani,
yara suna bin mu da gudu:
ga tsofaffi a kan keke!
Labbo ya cusa bakin rigarsa cikin wando,
Arzika yana haki kamar zugazugi,
ni ina gaba.

Sai hanyar ta ɗaga.
Wallahi ɗagawa ta yi, ta sauka, ta karkata hagu.
Giginyu suka yi lilo.
Na nemi birki, na tuna.

A cikin fangalin albasa na sami kaina,
taɓo har kunne, sarƙa a zube,
taya ɗaya tana ta juyi ita kaɗai a sama.
Tsohuwar da ke ban ruwa ba ta ko ajiye ƙwaryarta ba.
Ta dube ni, ta dubi sauran da ke tafe suna riƙe ciki,
ta ce, daga jirgi kuke?
Ai kai ka sauka, ƙafarka ce ba ta sauka ba.

Na biya ta albasa tara da na kwantar.
Ta ƙara mini uku, wai ladan kallo.

Da ƙafa na turo keken, mil huɗu.
Babu wanda ya ce komai,
abin da ya fi zagi ciwo ke nan.

Da la'asar iskar ta dawo kamar yadda aka faɗa.
Buhunan suka cika ciki, gora ta yi ƙara.
Na kwanta a kan katakon da ke warin kifi,
ruwa yana buga shi ta ƙarƙashin haƙarƙarina,
ban san sanda hannuna ya saki gefe ba.
Sun ce na yi minshari har Yawuri.

Jiya a aji ina rubuta kwanan wata,
allon ya ɗan karkata.
Na tsaya, alli a hannu,
na bar shi ya gama.