Jirgin da Ya Makara

Tun faɗuwar ranar jiya ban sa komai a baki ba,
ko shayi, ko ƙwayar shinkafa.
Asibitin Akita, hawa na uku,
dusar ƙanƙara tana lasar gilashin taga.

Mu bakwai ne a benci, kowa ya haura saba'in.
Chizuru mai jinya ta kira, "Kagaya Tsuneo,"
ta miƙo kwalba:
giram saba'in da biyar na sukari a narke,
in shanye cikin minti biyar.
Zaƙin har ya ɗaure mini harshe.

Shekara talatin da ɗaya na yi da tuta a tashar jirgin ƙasa,
ban yafe wa direba minti ɗaya ba.
Yau ga ni, hannu a miƙe,
ana auna makarar da ke cikin jinina.

Likita ta zana mini a bayan takarda.
Sukari na sauka, hanji ya buga waya
a turo insulin.
A jikin saurayi, kafin a ajiye wayar ya iso.
A namu kuwa sai ya nemi takalmi tukuna,
ya tsaya gaishe-gaishe a hanya,
fasinja suna ta cika tasha.
In ya zo ma, ƙofofin tsoka sun yi tsatsa,
ba sa buɗuwa da ƙwanƙwasa ɗaya.
Hanta, da aka ce ta rufe rumbu,
kunnenta ya yi nauyi, ƙaro kaya take yi.

Rabin sa'a, allura.
Sa'a ɗaya, allura.
Tsohuwa Fumie na gefena tana saƙa safa,
ta ce, "Ni dai alewar nan ta fi ta jikokina tsada,
da jini ake biya."
Muka yi dariya har auduga ta faɗi daga hannuna.

Sa'a biyu cif aka ɗebi na ƙarshe.
Lambar ta sauko, ba ta kai gida ba.
Likita ta ce in riƙa takawa bayan cin abinci,
tsoka mai motsi ba ta jiran a ƙwanƙwasa sau uku.

Da a tashata ne, da na rubuta rahoto da jan biro.
Amma wannan jirgin shekara saba'in da takwas yana aiki,
bai taɓa neman hutu ba.
Na mayar da agogo aljihu.

A bakin ƙofa na kwance dunƙulen shinkafar da Setsuko ta naɗe mini,
na ci rabi,
na bar bas ta wuce,
na kama hanyar gida da ƙafa.