Ƙayar Ƙurungu

Ranar da kububuwa ta sari Wargaji a gindin banda,
'ya'ya uku ta bar mana, ido bai gama buɗewa ba,
suna rarrafe cikin tsohuwar koma,
suna laluben nono a jikin igiya.

Ni masunci ne a gaɓar kogin Haɗejiya.
Ba mu da saniya, balle kindirmo.
Abin da ruwa ya ba mu da asuba
shi ke kwana a tukunya.
Inna Tabawa ce ta riƙa ɗura musu koko da ludayi,
tana yi tana mita,
wai da tsufanta an mai da ita uwar karnuka.

Da haƙora suka tsiro musu, ƙanana kamar tsakin shinkafa,
na ce to, sun isa.
Na dawo daga su, na zazzage gora,
na jefa musu ƙurungu ɗanye, da kansa da ƙayarsa.
Ai kare ne, na ce. Uwarsu shekara bakwai tana ci.
Na manta maƙogwaron da ya shekara bakwai
ba ɗaya ba ne da na wata biyu.

Tsakar dare na ji tari a bayan danga,
tari marar sauti, kamar ana jan jirgi a kan yashi.
Autansu ne, mai farin goshi,
yana yaƙushin wuyansa da ƙafa,
yawu na zuba kamar zare.
Na tsaya da tocila a hannu, ban san me zan yi ba,
ni da ke cire ƙugiya daga bakin tarwaɗa ido rufe.

Tabawa ta fito, ɗankwali a karkace.
Ta matse shi tsakanin gwiwoyinta,
ta ce haska nan, ba fuskata ba.
Ta zura matsefata, ta dakata, ta sake zurawa.
Kwaɗin fadama ma sai da suka yi tsit.
Sai ga ta, tsawon gaɓar yatsa,
mai haƙora a jere kamar zarto.

Ta ɗora min ita a tafin hannu,
daidai tabon da ƙurungu ya yi min ina yaro.
Ba ta ce komai ba. Da ma ta zage ni.

Ran kasuwa na tare Ɗan'azumi mai allurar awaki.
Ya ce kifi ba guba ba ne, ganganci ne guba.
Ka dafa shi, ɗanyen na ɗauke da tsutsa.
Ban da gishiri, ban da yaji, ban da albasa.
Ka murje shi da yatsa har ka gaji,
ka cuɗa da tuwo, kaɗan, kuma ba kullum ba.
Ya karɓi karfasa biyu ladan bakinsa.

Manyan biyun wani maharbi ya ɗauke su.
Autan ya rayu, amma muryar ta tafi.
In ya ga shirwa na shawagi kan shanya
sai ya buɗe baki iya ƙarfinsa,
iska ce kawai ke fita.
Yara suka sa masa suna Disashe.
Duk da haka ba a taɓa sace min kifi ba,
in ya ga baƙo, rigata yake ja.

Yanzu in magariba ta kawo jiki
sai ka gan ni tsugune da kasko,
ina tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya,
masu wucewa na dariya,
wai Shekarau ya zama kukun kare.
Su yi.
Waccan ƙayar tana nan soke a jikin zana,
saman inda nake rataye koma.
Kullum da asuba sai na gan ta
kafin in ga ruwa.