Abincin Kewa

Ranar Talata, bayan azahar,
muka sauka daga keke a Samaru,
ni da Inna da lemarta mai karyayyen ƙarfe.
Shagon yana bayan mai gyaran fanka:
tebur biyar, labulen roba,
da allon da aka rubuta wa da alli
boga, soyayyar kaza, makaroni da cuku.

Ita ta ce mu zo.
Wata uku tana bitar sunan abincin
kamar mai haddace lambar waya,
tun daren da Nafi'u ya kira daga Ohayo
yana magana da loma a baki.
Ta ce, me kake ci?
Ya faɗa, ya yi dariya, layi ya yanke.

Shu'aibu mai shagon ya fito yana goge hannu.
Shekara goma sha ɗaya, in ji shi,
ya yi yana juya tukunyar wasu a can,
ya dawo da ciwon gwiwa
da kaskon ƙarfe mai nauyin ɗan yaye.

Ya jera mana faranti.
Makaroni ya kwanta cikin cuku rawaya,
samansa ya ɗan sha wuta.
An kirɓa dankalin turawa,
an haƙa masa rijiya a tsakiya, an cika da romo.
Kaza ta sha gari, ta sha mai,
ɓawonta na amsawa kafin haƙori ya gama tambaya.
Ga kabeji fari tas,
da zaƙin da ya shigo kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Inna ta yi bisimilla.
Ta tauna a hankali, tana kallon bango.
Ta ce, wannan ai tuwo ne da miya ta yi wa yaji.
Ta zuge jaka, ta kwance ƙullin leda,
ta barbaɗa nata yajin, mai ƙuli-ƙuli da citta.
Ɗalibai biyu da ke gardamar jarrabawa a gefe
suka ɓoye dariya cikin kwalbar lemo.

Shu'aibu bai ji haushi ba.
Ya ce, Hajiya, a can wannan ne abincin kewa.
Wanda aka sallama daga aiki,
wanda sanyi ya rufe wa ƙofa,
shi yake nema.
Abin da uwa ke dafawa ne ranar Lahadi.

Inna ta ajiye cokali.
Ta ce, to shi uwar wa yake tunawa in ya ci?

Fanka ta ci gaba da juyawa.
Hadarin da ya taso ta wajen Kufena
ya fara taɓa kwanon rufi da yatsa ɗaya-ɗaya.

Ta cinye tas.
Har ƙonannen gefen ta kankare.
Ta tambayi madara gwangwani nawa,
cuku na nawa, wuta ta minti nawa,
sannan ta ce in ɗauki farantin hoto in aika.

Can gari bai daɗe da wayewa ba.
Amsa ta shigo muna wanke hannu:
Inna, ni kuwa jiya miyar kuka na kaɗa,
ta tsinke kamar shayi.

Ta yi dariya har ta share ido da bakin mayafi.
Ce masa ya rage ruwa.
Ce masa ya sa daddawa tun farko.
Ce masa, ta yi shiru,
ai ko maburgi ba shi da shi.

Na biya, aka ba ni canji da alawa biyu.
Muka tsaya a bakin ƙofa ruwa yana zuba,
tana kokawa da lema.
Ƙullin yajin kuwa ta bar shi kan tebur
kusa da kwalbar tumatir,
ta ce Shu'aibu ya riƙe,
ko wani ɗan wata zai shigo.