Gurbin da Babu a Fom

A bangon tashar Sinja na gan ta,
tsakanin tallar maganin basir da cigiyar jaki:
hukumar kare namun daji na neman masu gadi
a dajin Dindir.
Na kwafe ta a bayan rasit ɗin taki.

Hoto huɗu suke so, kunnuwa a waje.
Shaidar makaranta, shaidar likita,
da hatimin mai unguwa,
wanda sai da na yi masa sawu uku a Mai Wurno
kafin ya tuna aljihun da ya ajiye shi.

Fom ya ce: sunan uba. Na rubuta.
Ya ce: sana'ar uba. Manomi, na rubuta.
Bai tambayi kaka ba.
Ni ma na bar kaza cikin gashinta.

Ai Jatau Baushe ne kakana,
wanda gwanki bai taɓa jin ƙanshinsa ba sai a makare.
Shi ya durƙusar da ni ina ɗan shekara bakwai
a bakin fadama, ya ce, karanta.
Nan ɓauna ta sha ruwa da asuba,
nan barewa ta tsaya, ta ji tsoro, ta sake shawara.
Tarkonsa na nan rataye a zaure,
tsatsa ta ci masa haƙora.

Inna Kande ta ce, ikon Allah,
jikan kura zai yi tsaron awaki.
Ta dai ƙulla mini kuɗin mota a bakin gyale.

Ranar ganawa mu tamanin ne, gurbi tara.
Wani ya zo da digiri a leda,
wani ya zo da kawunsa.
An gwada tsawona, an sa ni gudu,
an tambaye ni doka ta nawa ta hana farauta.
Na yi inda-inda.

Hafsan, Mahjub aka ce sunansa,
ya ture takarduna, ya leƙa taga.
Daren jiya an yi ruwa.
Ya nuna laka a gindin bagaruwa: wannan fa?

Akuya ce, ranka ya daɗe, na ce,
tana ɗingisa ƙafar baya ta hagu,
da ciki, ya kusa,
kuma igiya take ja, wani yaro na binta a guje.

Mai shayin bakin ƙofa ta tuntsire da dariya.
Tata ce.

Wa ya koya maka?
Na dubi fom, babu gurbin da zan sa shi.
Na ce, wani tsoho
da ya kashe da yawa, ya mutu yana lissafa su.

Bai rubuta komai ba.
Ya ce a duba allo bayan sallah.

Yau kwana goma sha tara.
Ina cirar ciyawa a gonar dawa,
kunnena na wajen motar Sinja.
Jiya da magariba na sauke tarkon nan,
na auna nauyinsa a hannu,
na rasa inda zan kai shi.